Ƙofar Hagu

Shekara goma sha ɗaya tana kwance
bayan gidan Mutari a Garin Malam.
Kaji sun yi ƙwai a mazaunin direba,
tumfafiya ta ɓullo ta inda giya take.
Fijo ce ta zamanin gyaɗa,
ta san hanyar Matamaye tun babu kwalta.
Jikka tamanin na biya, da buhun gero,
amalanken shanu ya jawo ta ƙofar gidana,
yara na biye da tafi kamar an kamo kura.

Barira ta leƙo daga madafa:
Tsahiru, gawa ka kawo mana?
Ban tanka ba.
Na rushe garken awaki, na kafa rumfar kwano,
na rataye sifana a ƙusa, babba zuwa ƙarami.

Tsatsa ba ta gaggawa. Ni ma na koya.
Damina guda ina kankara
har zanen yatsuna ya shafe,
har tuwo ya koma ɗanɗanon ƙarfe a bakina.
Ƙarƙashin ja na tarar da shuɗi,
ƙarƙashin shuɗi, sunan wani da ban sani ba
da rabin addu'a.

Sai na yi abin da ba a yafe mini ba a majalisa:
na yanke rufinta,
na sauke shi taƙi guda
har ta yi kallon mai harara.
Na ɓalle fukafukan taya,
na bar inji a fili, babu mayafi,
mai silinda shida, na wata babbar mota
da ta mutu a hanyar Tanut.
Tayoyin baya masu faɗi, na gaba sirara.

Wuta kan zo ƙarfe biyun dare.
In tashi in ja waya,
walda ta haska duwatsun bayan gida
kamar walƙiya ta ɓata hanya ta faɗo unguwarmu.
Ƙaramar 'yata Sahiya ce mai riƙe fitila,
tana gyangyaɗi, hasken na yawo.
Ta san lamba goma sha uku
kafin ta iya rubuta sunanta.

Badukun Birni ya ɗinka kujeru da jar fatar akuya.
Kwalin sukari ya zama gaskit.
Ruwa kuwa, a garin nan da ake bin sa da layi,
bido biyu na saya wa lagireto,
Barira na ƙirgawa da ido.
Da na gama haɗawa, noti uku suka rage
a gwangwanin tumatir.
Har yau ban san gurbinsu ba.

Ranar wata Laraba ta yi tari.
Ta sake. Ta tofar da baƙin hayaƙi,
sannan ta buɗe maƙogwaro,
tantabarun maƙwabta suka watse,
kwanon rumfa ya ɗauki rawa.

Na tafi da ita gidan Mutari.
Idonsa ya tafi tun bara waccan.
Aka fito da shi, ya karkata kunne,
na taka mai har ƙasa ta amsa.
Ya daɗe.
Ya ce: wannan ba muryarta ba ce.

Na kashe inji.
Shekara huɗu suka zauna mini a ƙirji.
Sahiya ta buɗe ƙofar hagu za ta sauko,
ƙofar ta yi ƙiii,
kukan da na zuba wa mai sau ɗari ya ƙi bari.

Tsoho ya miƙa hannu yana lalube.
Ya ce: af, ke ce?
Ya ce: ɗaga ta sama kaɗan kafin ka rufe, yaro,
ba ta son a buga ta.